Wane suna za mu ba wa "xeriscape" da Hausa?

'Yan uwa masu sha'awar harshe, kwanakin baya na zauna zan rubuta ɗan bayani a kan furanni da gajerun itatuwan ado waɗanda ake shukawa a gida ba tare da sun ci ruwa da yawa ba, sai na yi karo da kalmar xeriscape, na rasa abin da zan kira ta. Ko a Turancin ma kalmar ba ta daɗe ba. Ma'aikatan hukumar ruwa ta birnin Denver da ke jihar Kolorado a Amurka ne suka ƙirƙiro ta a 1981, suka ɗauko xeros daga Girkanci, wato busasshe, suka haɗa da wutsiyar kalmar Turanci ta landscape, wadda ke nufin tsara fili da shuke-shuke. Abin da suke so shi ne mutane su rage ruwan famfon da suke kwararawa a kan ciyawar ƙofar gida a yankin da ruwan sama bai wadata ba.

Da farko na yi niyyar bin asalin kalmar in ce "busasshen lambu". Da na maimaita shi a bakina sau biyu sai na watsar, domin duk Bahaushen da ya ji haka, abin da zai gani a zuciyarsa shi ne lambun da rijiyarsa ta ƙafe, mai shi ya tafi ya bar kara da ƙura. Su kansu masu kalmar sun gamu da irin wannan matsala, har wasu suka riƙa jin farkonta kamar zero, wato sifili, suna zaton ana nufin a shimfiɗa tsakuwa zalla a daina shuka. "Lambun hamada" ma haka yake, don haka ban tsaya a kansa ba.

Wani malami da na tuntuɓa ya ce a kira shi "lambu mai jure fari". Lafazin yana da daɗi, amma a ganina juriyar fari halin shuka ne, kamar yadda alobera take ajiye ruwa a cikin ganyenta mai kauri, ko labanda da rosmeri na ƙasashen Bahar Rum da suke da siraran ganyaye don kada rana ta tsotse musu ruwa da yawa. Kalmar da muke nema kuwa tana magana ne a kan aikin mai gida: ya tara shuke-shuken da buƙatarsu ta ruwa ɗaya ce a wuri guda, ya rufe gindinsu da busasshen ganye ko ɓawon itace don danshi ya daɗe, ya sa siririn tiyo mai ɗiga ruwa daidai kan saiwa, ya rage faɗin ciyawa, wadda ita ce ta fi kowa ƙishirwa. Haka kuma fari musiba ce da take zuwa ta wuce, shi kuwa wannan tsari na kullum ne, ko a shekarar da damina ta yi albarka.

Daga nan kalmomi biyu suka rage mini, tsimi da tattali. Tsimi ya dace ta fuskar ma'ana, sai dai idan aka ajiye shi kusa da ruwa, kunne yana iya karkata zuwa tsimin da ake jiƙawa na magani, kuma suna ba ya son abin da zai sa mai karatu murmushi a inda ba a nufi raha ba. Tattali kuwa yana ɗauke da abu biyu a lokaci guda. Akwai hana ɓarna, kamar yadda muke cewa tattalin arziki, akwai kuma kula da lallaɓawa, kamar yadda ake tattalin jariri ko marar lafiya. Wannan fuska ta biyu ce ta sa na tsaya a kan "lambun tattalin ruwa", saboda mutane da yawa suna zaton irin waɗannan shuke-shuke ba sa son kulawa, alhali sabon dashe sai an yi ta ba shi ruwa a kai a kai har saiwarsa ta kama, sannan a koma shayar da shi jefi-jefi, amma a ƙosar da shi ruwan ya nutse ƙasa sosai.

Ni kaina ta ɗaya gefen na yi kuskure. Ina da kariya a tukunya, wannan mai kumburarren gindi da jan fure, wadda take zubar da ganye da rani ta yi fure a kan tsirarun rassa. Da na ga ganyenta yana zuba sai na ɗauka ƙishirwa ce, na riƙa cika mata ruwa safe da yamma. Wata rana na danna gindinta da babban yatsa, ya lotsa, da na zare ta daga tukunyar kuwa saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Da na san tattali da ban kashe ta da alheri ba.

Akwai wanda ya ce ai lambu a Hausa wurin ban ruwa ne, ta yaya za a haɗa shi da ƙarancin ruwa? Wannan hujja ni take goya wa baya, tunda a nan ma ana ban ruwan, yawansa da lokacinsa ne aka tsara.

Sauran kalma ɗaya da ta biyo baya, wato perennial, shukar da take wuce shekara biyu tana raye. "Mai dawwama" ya yi nauyi, domin wasu 'yan shekaru kawai suke yi su mutu, "shekararriya" kuma tana tuna wa mutum tsohon hatsi a rumbu. Na zaɓi "mai sake toho", tunda da yawansu samansu yana bushewa, saiwar ta zauna da ranta, lokaci ya zagayo su toho. A rubutun da zan fitar, jimlar za ta kasance haka: lambun tattalin ruwa yana buƙatar furanni masu sake toho da gajerun itatuwa masu jure fari, irin su kariya da bugambiliya, wannan shukar ado mai ƙaya da take hawa katanga.