Neman shawara: bakteriyata tana yauƙi da sukuros, da gulukos kuwa shiru

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ɗaliba ce ni 'yar shekarar ƙarshe, furojet ɗina a kan bakteriyar da ke sa kunu tsami ne. Na ware wata daga kunun zaki, alamu na nuna ko Leuconostoc ce ko Weissella. Na shuka ta a abinci iri huɗu: mai sukuros, mai gulukos, mai furuktos da mai maltos (duk nau'o'in sukari ne). Na sukuros ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. A sauran ukun ta girma sarai, amma da na zuba itanol ko ɗigon dekstiran, wato sinadarin da ke kawo yauƙin, bai kwanta ba. Ina shirin rubuta cewa sukuros ne kaɗai ke sa ta fitar da enzayim ɗin da ke gina dekstiran, wato dekstiransukures. Sufabaiza ya ce in koma in sake tunani, bai ƙara komai ba. Don Allah ina matsalar take?

Wani malamin jami'a:
Wa alaikumus salam. 'Yata, sufabaizanki yana da gaskiya. Dekstiran kika auna, amma hukuncinki a kan enzayim ne. Dekstiransukures ba ya iya gina dekstiran sai da sukuros: yana tsinka shi gida biyu, ya saki furuktos, ya yi amfani da ƙarfin tsinkewar wajen ɗaura gulukos a jikin sarƙar. Gulukos tsurarsa ba shi da wannan ƙarfin. Saboda haka ko kwalbarki ta gulukos cike take da enzayim, ba za ki ga yauƙi ba.

Abin yi shi ne ki juya kowace kwalba a santirifuj, ki ɗebi ruwan sama, ki ba shi sukuros a pH 5.2 da zafi digiri 30. A nan za a san wanda ke da enzayim. Ki gwada ƙwayoyin da suka kwanta ma, domin wani lokaci enzayim ɗin yana manne a jikinsu. Sakamakon na iya faɗawa kowane ɓangare. Leuconostoc mesenteroides NRRL B-512F, wadda Allene Jeanes ta yi aiki a kanta a Peoria ta Amurka har aka samu dekstiran na ƙarin ruwan jini a yaƙin Koriya, sai ta ji sukuros take fitar da shi da yawa. A 1994 Kim da Robyt suka samar da rikiɗaɗɗunta masu fitar da shi a kan gulukos. Streptococcus mutans ta haƙori ba ta jiran sukuros, haka ma wasu nau'o'in Weissella. In taki ta yi a gulukos, to kada ki yi mamaki in gwajin 16S, na ƙwayar halitta da ke tantance nau'in bakteriya, ya ce Weissella ce.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Ƙanwata, wane abinci kika yi amfani da shi? In MRS na gwangwani ne, wato haɗaɗɗen abincin shuka irin wannan bakteriya, akwai gulukos giram 20 a kowace lita tun daga kamfani, duk abin da kika ƙara a kai kin cakuɗa lissafi. Haɗa naki babu sukari, sannan ki sa ɗaya-ɗaya. Kuma in da DNS, sinadarin da ke sauya launi in ya haɗu da irin wannan sukari, za ki auna furuktos ɗin da ke fita, ragowar gulukos da maltos ma za su ba da launi, sai ki tace ruwan ta jakar dayalisis tukuna. Kada ki bar kwalba ta kwana biyu, tsami na kashe enzayim ɗin. Ɗan kalshiyam yana taimaka masa ya jure.

Wani ɗan uwa daga Numan:
Ni ba ɗan lab ba ne, a harkar rake nake. Wannan yauƙin da kike nema mu abokin gabarmu ne. Rake in an sare shi ya jima ba a matse ba, Leuconostoc ta shiga, ruwan ya yi kauri, sukari ya ƙi ƙanƙara yadda ya kamata. In kina son wasu nau'o'in, je wurin masu mazarƙwaila ki ɗebi ruwan raken da ya kwana.

Malamin ya ƙara:
Na manta maltos. Ki ƙara kwalba ta biyar, sukuros haɗe da maltos. Maltos na fizge gulukos daga hannun enzayim kafin sarƙa ta yi tsawo, sai a samu fanos (sukari mai gulukos uku) da 'yan gajerun sarƙoƙi, yauƙi ya ragu alhali enzayim na aiki. A ganina wannan kwalbar ma ta fi sauran ban sha'awa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Malam. Aunty, MRS na gwangwani ne kuwa. Sukuros ɗin lab ya kusa ƙarewa, zan iya sa sukarin shayi?

Ma'aikaciyar:
Farin sukari ya haura kashi 99 cikin 100 sukuros, zai yi miki gwajin farko. Banda mazarƙwaila, akwai gulukos da furuktos a ciki. Ki adana ragowar na lab ɗin don awon enzayim, kuma ki rubuta a babi na uku wanda kika sa a kowane gwaji.