Wa ya taɓa sa filastik mai tauri a madadin robar hob ɗin tayar baya ta mashin?

Mai Boxer, Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Robar nan da ke cikin hob, wato cibiyar tayar baya, wadda sufuroket (faifan nan mai haƙora da sarƙa ke ja) ke zama a kanta, ta sake cinyewa, karo na biyu ke nan daga ƙaramar sallah. In na ɗaga mashin na kama sufuroket da hannu sai ya riƙa wasa gaba da baya, in kuma na saki totur na sake murɗawa sai in ji ƙwas daga baya. Wani yaro a garejinmu ya ce zai yanko mini farin filastik mai tauri ya gyara shi daidai gurbin, wai har in sayar da mashin ba zan sake canzawa ba. Aikina ɗaukar buhunan masara ne daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mini abin da ya gani.

Ɗan kabu-kabu, Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Ni na gwada, ɗan'uwa, kuma ban ji da daɗi ba. Satin farko murna na riƙa yi, wasan ya ɓace, moto yana amsawa da zarar na taɓa totur. Daga baya na lura kusan kullum sai na ɗaure sarƙa, abin da da nakan yi sati ban yi ba. Fasinja mace in ta hau sai ta ce Malam yi a hankali, alhali ba gudu nake ba, fizgar ce take ji duk sanda na canza giya. Ban kai wata uku ba haƙoran sufuroket suka kwanta, na canza shi da sarƙa gaba ɗaya. Da aka kwance, filastik ɗin yana nan kamar jiya aka sa shi. Shi bai ci ba, ya bar sauran sun ci.

Bakanike, Zariya:
Alhaji na Funtuwa, ka dakatar da yaron nan tukuna. Abin da ke rikita mutane shi ne mu a Hausa duk roba muke cewa, ta taya roba, ta bokiti roba, ta kujera ma roba. Sai mutum ya ce ai roba ce aka cire aka sa roba. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Injin irin mashin ɗinka silinda ɗaya ne, kuma ba a miƙe yake ba da ƙarfi ba. Sau ɗaya yake bugawa a kowane zagaye biyu na karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa, wato naushi ne bayan naushi. Naushin nan ya bi giya, ya bi sarƙa, ya iso sufuroket. Robar da ke tsakanin mariƙin sufuroket da hob ita ke shanye shi, ta matse ta saki, kafin ya kai ga taya. Cinyewar da take yi, aikin da aka sa ta ke nan. In ka sa abin da ba ya matsuwa, naushin bai tafi ko'ina ba, wani wuri zai nema ya sauka.

A shagona na ga inda yake sauka. Na ga boris ɗin mariƙin sufuroket ya fashe. Na ga wayoyin wili sun sassauta, mai mashin yana ta zargin ramukan hanya. Wanda ya fi ba ni tausayi wani bawan Allah mai kai madara, haƙarƙarin alminiyam ɗin da ke cikin hob, waɗanda robar ke jingina da su, biyu suka tsage. Hob sabo ya saya, aka sake ɗinka masa wili. Akwai kuma wanda ba a gani sai ya yi nisa, wato haƙoran shaf ɗin da ƙaramin sufuroket na gaba ke zama a kai. In suka side sai an raba inji biyu, kuma kowa ya san abin da wannan ke nufi ga aljihu.

Mai fataucin awaki, Nguru:
Oga bakanike, ban musa maka ba, amma ni nawa ya shekara da filastik a ciki, ban ga tsagewa ba. Sarƙa dai tana saurin miƙewa, wannan gaskiya ne.

Bakanike, Zariya:
Baba na Nguru, a kan wace hanya kake yini? Na tabbata rairayi ne. A rairayi taya tana sulɓewa kaɗan duk sanda inji ya buga, ƙasar ce ke yi maka aikin robar. Shi ya sa da yawa daga mashinan tseren daji ba a ma sa musu ita tun daga kamfani. Shi kuwa Alhaji a kan kwalta yake, da buhu biyu a baya, taya ta kama ƙasa gam. Ba inda naushin zai zille.

Mai kai burodi, Gusau:
Ni dabarar da maigidana ya koya mini ita ce tsohon tub. In robar ta ɗan saki amma ba ta farfashe ba, sai in yanka tub ƙanana in cusa a gefen kowace ɗaya har mariƙin ya shiga da ƙyar. Takan kai ni wata biyu ko uku kafin in sayi sabuwa. Kuma kada a shafa mata giris ko baƙin mai wajen sawa, yana kumbura ta ya lalata ta. Ruwan sabulu ya isa.

Mai injin gyaran ƙarfe, Panteka, Kaduna:
Mu ake kawo wa irin wannan aikin, don haka bari in sa baki. Farin nan mai tauri da muke yin bushi da shi, ba na yanka wa kowa shi don hob, ko ya roƙe ni. Akwai wani daban da ake kira foliyuritan, yakan zo ja ko rawaya, ya fi baƙar roba juriya amma yana matsuwa. Gwajin mai sauƙi ne, ka danna shi da farce ko bakin sukudireba, in ya lotsa ya dawo to zai yi aiki, in bai motsa ba ka ajiye shi. Shi ma a nawa mashin na ji ya ɗan fi fizga a giya ɗaya da biyu, ba zan ɓoye ba.

Mai Boxer, Funtuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗazu ni da yaron muka kwance tayar, muka tarar robar da na saya kwanan baya ta bushe ta zama kamar gawayi, tana marmashewa a hannu, da alama tun asali ba mai kyau ba ce. Na sa tub na wucin gadi saboda gobe kasuwar Bakori. Oga na Zariya, in na je sayen sabuwa ta yaya zan gane mai kyau tun tana cikin leda? Kuma boris ɗin mariƙin na ji yana ɗan gurnani da na juya shi da yatsa, in haɗa shi a canjin ko zai ƙara kai ni?