Idan mutum ya mutu a hannun hukuma, wace majalisa ce za ta nemi ba'asi?

Malam Ɗanjuma, Bauchi

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana doka ce da waɗanda suka san aikin majalisa. A shekarar 2020 'yan sanda sun kama wasu mutum uku a cikin garin Bauchi bisa zargin satar kaji, aka azabtar da su har biyu suka rasu, na ukun ya fito da raunuka. A 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke nan Bauchi ta ba da umarnin a biya diyyar naira miliyan 210. Maganar ta kai gaban alƙali ne domin ɗaya ya rayu ya faɗi abin da ya gani, kuma an samu lauyoyi da 'yan jarida da suka tsaya a kai. Wanda ke damuna shi ne mutumin da aka kama shi kaɗai a wani ƙauye, bayan kwana uku aka aika wa danginsa su zo su ɗauki gawa, aka ce ciwo ne ya taso masa cikin dare.

Jihar nan tana da 'yan majalisar dokoki 31, da 'yan majalisar wakilai 12, da sanatoci uku. Shin doka ta wajabta wa 'yan sanda ko hukumar gidajen gyaran hali su sanar da waɗannan wakilai duk lokacin da wani ya mutu ko ya ji mummunan rauni a tsare? Idan kuma ba ta wajabta ba, wace majalisa ce ke da hurumin tambaya, ta Bauchi ko ta Abuja?

Barista Rakiya, Bauchi

Wa alaikumus salam, Malam Ɗanjuma. Dokokin da ke hana wannan ɓarna suna nan a rubuce, kuma ba kaɗan ba ne. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa, sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, idan kuma wanda aka azabtar ya mutu, tuhumar kisan kai ce ke hawa kan jami'in. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ɗora wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba waɗanda ke tsare da littafin kame, sannan ta ce Sufeto Janar ya riƙa miƙa wa Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda rahoto duk bayan wata uku, mai ɗauke da adadi da sunayen waɗanda suka mutu a tsare. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ita ma ta ce idan ɗaurarre ya mutu ko ya ji mummunan rauni a bincika, a sanar da danginsa, a kai rahoto ga shugaban hukumar na ƙasa.

Amma ka lura da inda waɗannan rahotanni ke zuwa. Kowanne daga wani ofishin gwamnati yake tashi ya sauka a wani, ba ya biyawa ta zauren majalisa, inda za a karanta shi a fili, 'yan jarida su ji, dangin mamaci su duba ko sunan ɗansu na ciki. A ganina nan ne babban giɓin yake. Majalisar Dokoki ta Ƙasa tana da ikon rufe shi ko ba tare da sabuwar doka ba, domin sashe na 88 da na 89 sun ba ta damar bincike da kiran kowane jami'i ya zo da takardu, don haka kwamitocinta na harkokin 'yan sanda za su iya neman rahoton nan na wata uku-uku a duk lokacin da Sufeto Janar ya zo kare kasafin kuɗinsa.

Majalisar jiha kuwa, sashe na 128 ya taƙaita bincikenta ga abubuwan da take da ikon yi wa doka, 'yan sanda kuma na tarayya ne kaɗai, shi ya sa za ka ji ɗan majalisa ya ce hannunsa a ɗaure yake. Ban yarda da wannan uzuri gaba ɗaya ba. Dokar da ta tanadi alƙali ya binciki musabbabin mutuwar da ake shakka a kanta ta jiha ce. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi da ake kai gawa na jiha ne, kotunan majistare na jiha ne, Ma'aikatar Shari'a da ke gurfanar da mai laifin kisa ta jiha ce, haka kuma motoci da man fetur da gwamnatin jiha ke tallafa wa jami'an tsaro da su daga kasafin da majalisar ta amince da shi suke fitowa. Bugu da ƙari, dokar 2019 ta sa 'yan majalisar jiha cikin waɗanda ke da izinin shiga gidan gyaran hali domin sa ido, kuma gyaran kundin tsarin mulki na Maris 2023 ya mayar da gidajen gyaran hali cikin abubuwan da jiha da tarayya ke tarayya wajen yi musu doka.

Hajiya Asabe, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Azare

Barista, Allah ya saka da alheri. Ina so in ƙara abin da takarda ba ta nunawa. Mu a nan gawa ba ta kwana idan da hali, kuma hakan addininmu ne da mutuncinmu, sai dai shi ne kuma ke binne shaida tare da mamaci. A shekarun da na yi ina aiki na ga an kawo gawa daga wurin tsarewa, an matsa wa likita ya rubuta takarda, dangi suna tsaye a waje suna roƙon a ba su ɗansu su yi masa sutura kafin la'asar. Sai masu wanka ne ke ganin shatar igiya a wuyan hannu da kumburin tafin ƙafa, su kuwa babu wanda zai tambaye su. Idan aka ambaci yanka gawa, uba zai ce ya bar wa Allah, kuma ban ga laifinsa ba, domin likitocin wannan fanni kaɗan ne, yawanci a asibitin koyarwa suke, ga kuɗin mota da na mutuware duk a kansa za a ɗora.

Abin da nake fata majalisar jiha ta sa a doka mai sauƙi ne: duk gawar da ta fito daga wurin tsarewa, likitan da ba ya ƙarƙashin hukumar da ta tsare mutumin ya duba jikin daga kai zuwa ƙafa a ranar, a gaban wakilin dangi, a ɗauki hotuna, a rubuta, gwamnati ta biya, a ba dangi kwafi. Wannan ba ya buƙatar wuƙa, ba ya hana jana'iza a kan lokaci. Idan aka zauna da malamanmu aka yi musu bayani, ba na tsammanin za su ƙi, domin jinin mutum ba abin wasa ba ne a shari'a.

Baba Sufeto mai ritaya, Misau

Ba zan kare wanda ya daki mutum har ya mutu ba, kuma na san ana yi, musamman idan an matsa wa mai bincike ya kawo amsa laifi alhali ba shi da kayan aikin gano gaskiya sai bakinsa da hannunsa. Amma 'yata Barista, idan majalisa za ta yi tambaya, to ta yi ta duka. Akwai wanda jama'ar gari ko 'yan sintiri suke kawo mana da fasasshen kai, ofis ba mota ba mai, kafin gari ya waye ya cika, a ce 'yan sanda sun kashe shi. Akwai ɗakin tsarewa da aka gina wa mutum kaɗan, a zafin watan Afrilu a cusa masa ninkin hakan, abincin mutanen ciki kuma daga aljihun shugaban ofis ko daga danginsu. Saboda haka ni ina goyon bayan Hajiya, sai dai a fara tun daga ƙofa: a rubuta halin da jikin mutum yake ciki lokacin da aka karɓe shi, ma'aikacin lafiya ya sa hannu. Wannan rubutu zai kama azzalumin jami'i, zai kuma wanke na kirki. Kada kuma a manta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kuma cunkoson da ke kawo musu cuta daga jinkirin kotu yake.

Malam Usman, malamin makaranta, Ningi

Mu mutanen Bauchi bai kamata a tuna mana illar wannan abu ba. Rikicin Boko Haram na Yulin 2009 a Dutsen Tanshi ya faro, kwanaki kaɗan bayan haka aka kashe shugaban ƙungiyar, Muhammad Yusuf, a hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da an kai shi kotu ba, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya, har da fasa gidan yarin Bauchi a Satumban 2010.

Afirka ta Kudu ta kafa hukumar IPID mai binciken laifukan 'yan sanda da dokar 2011, wadda ba ta ƙarƙashin rundunar 'yan sanda. Dole a sanar da ita duk mutuwar da ta auku a hannun 'yan sanda, dole ta bincika, kuma kowace shekara rahotonta na zuwa gaban majalisa. Sai dai dokar kai rahoto kaɗai ba ta wadatarwa. Amurka tana da irinta tun shekarar 2000, duk da haka a 2022 wani kwamitin majalisar dattawanta ya gano cewa kusan mutum dubu da suka mutu a tsare a 2021 ba su shiga lissafin Ma'aikatar Shari'a ba. An gano hakan ne domin wasu sun ɗauki lissafin gwamnati sun gwada shi da rahotannin da ke hannun jama'a. Mu ma bayan zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 jihohi da yawa sun kafa kwamitocin bincike, mutane sun je sun faɗi abin da aka yi musu, kuma bibiyar shawarwarin waɗannan kwamitoci aiki ne da ya rataya a wuyan majalisun jihohi.

Malam Ɗanjuma, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Barista, idan mu 'yan ƙungiyar unguwa muna son majalisar jiha ta ɗauki shawarar Hajiya da ta Baba Sufeto, ta ina za mu fara?

Barista Rakiya, Bauchi

Ku rubuta takardar koke da sunayenku da sa hannunku, ku ba ɗan majalisar mazaɓarku ya gabatar da ita a zaure domin a miƙa wa kwamitin karɓar koke-koken jama'a, ku kuma ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Kada ku cika ta da buƙatu. Ku nemi a gayyaci Kwamishinan Shari'a da na Lafiya su faɗi gawa nawa aka kai asibitocin jiha daga wuraren tsarewa a shekarar da ta gabata, da nawa daga ciki alƙali ya bincika, sannan ku nemi a gyara dokar binciken musabbabin mutuwa yadda za a riƙa ajiye wannan lissafi gaban majalisa kowace shekara. Ku aika kwafi ga ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Bauchi, domin gyaran dokarta na 2010 ya ba ta ikon shiga ɗakunan tsarewa da yanke diyya, kuma jami'anta za su iya ba da shaida idan kwamitin ya zauna.