Suna kwafe allo tsaf amma ba su iya karantawa ba: shawara kan ajin Turanci na JSS 1

Malama Uwani: Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a ajin Turanci na ƙaramar sakandare. JSS 1 ne, yara tamanin, darasi minti 40, sau biyar a mako. Duk abin da aka rubuta a allo za su kwafe shi tsaf, har da ƙawata rubutu, amma a ce wani ya tashi ya karanta abin da ya kwafa, sai ido. Ga manhaja tana cewa a yi auna fahimta da insha'i. Ta ina ake kama bakin zaren?

Malam Tanimu: Wa alaikumus salam Malama. Kafin komai ki tantance wa ya iya me, don tamanin ɗin nan aƙalla aji uku ne a ɗaki ɗaya. Ki samu kwali guda ki raba shi gida huɗu: haruffa goma a barbaje, kalmomi goma gajeru irin bag, sit, fish, sai jimloli huɗu masu sauƙi, sai ɗan labari mai layi takwas da tambaya biyu. Ki riƙa kiran yaro ɗaya-ɗaya yayin da sauran ke wani aiki. Ki fara masa da jimlolin. In ya wuce, ki ba shi labarin. In ya cije, ki sauko da shi kan kalmomi, in nan ma ya gagara, haruffa. Minti biyu ya ishi kowane yaro, in kina yin goma sha shida a rana kin gama cikin mako guda. Salon gwajin nan daga Indiya ya fito, ƙungiyar Pratham ce ta yaɗa shi, kuma an yi aiki da shi a wasu jihohin Arewa. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauko shafi daga littafin da suka riga suka haddace. Haruffan kuma kada ki jera su a, b, c, domin waƙar kowa ya iya ta.

Baba Mai Ritaya: Tanimu ya faɗi gaskiya. Zan ƙara abu ɗaya, 'yata: ki gwada su da Hausa ma. Yaron da ya iya karanta "Kande ta tafi kasuwa" ya riga ya san sirrin haɗa baƙi da wasali, aikinsa kaɗan ne. Abin da zai ruɗa shi kawai shi ne rubutun bokon Hausa kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44. Saboda haka ki tafi kai tsaye inda harsunan biyu suka saɓa. Harafin c a Hausa shi ne na "ciki", don haka za ki ji yaro ya karanta cat kamar chat, ba laifinsa ba ne. Haruffan p, q, v da x babu su a bokonmu. Ita f ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin ta, shi ya sa pan da fan suke zame masa abu ɗaya. Maganin a nuna masa a baki: p a rufe leɓɓa ruf sannan a sake su, f a ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa. Haka van da ban. A sa kowa ya juya ya kalli bakin na kusa da shi, za a yi dariya, amma zai zauna.

Sai baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma. Gaɓar Hausa ba ta farawa haka, shi ya sa bread ya zama burodi, driver ya zama direba. Kada ki tsaya kina cewa su maimaita stop sau ashirin. Ki gina kalmar daga baya: top, sannan stop, rain, sannan train, lay, sannan play. Bambancin ship da sheep kuwa ki jawo musu gari na zama da gari na tuwo, nan take za su ji cewa jan wasali na canza ma'ana. Sautin th kada ya ci miki lokaci, da wuya ya hana a gane mutum.

Malama Uwani: Na gode Baba. To waɗanda ko haruffan ba su kama ba fa? Sai nake ganin kamar zan mayar da JSS aji ɗaya na firamare.

Baba Mai Ritaya: Minti 10 na farkon kowane darasi nasu ne, sauti biyu a rana, kuma sautin za ki koyar, ba sunan harafin ba. Yaron da ke cewa "si, ei, ti, cat" hadda yake yi, gobe in ya ga cot zai tsaya. Ki kuma guje wa hotunan 'yan nazare da waƙar jarirai, ɗan shekara goma sha uku yana da kunya. Ki ɗauko kalmomin daga abin da yake gani a titi: stop, bank, bus, shop.

Anti Ladi: Bari in shigo ta ɓangaren kalmomi, don nan ne aka fi ɓata alli. Abin da aka saba shi ne a jera kalma ashirin a allo da ma'anarsu daga ƙamus, a kwafa, ranar Juma'a a yi gwaji, Litinin an manta. Ma'anar ƙamus ɗin ma sau da yawa ta fi kalmar wuya.

Kalma shida zuwa takwas a mako sun isa, amma a zaɓe su da wayo. Kalmomi kashi uku ne. Akwai na yau da kullum, irin door da water, waɗannan nuni ko fassara ɗaya ya wadatar. Akwai na fanni, irin photosynthesis, a bar wa malamin kimiyya kayansa. Na tsakiya su ne naki: compare, describe, cause, result, increase, explain. Su ne ke yawo a kowane darasi, su ne kuma ke kayar da yara a jarrabawar BECE ta ƙarshen JSS 3, yaro ya san amsa amma bai gane abin da tambayar ke nema ba.

Kowace kalma minti biyu: ki faɗe ta, su faɗa sau uku, ki ba da ma'ana da Turanci mai sauƙi, ki kawo misali biyu daga rayuwarsu, sannan ki yi tambayar da ba za a amsa ba sai da kalmar. Misali increase: me ke increase a kasuwa gab da salla? Kowa ya gaya wa na kusa da shi a cikakkiyar jimla. Sai bita: washegari, bayan kwana uku, bayan mako, sannan bayan wata. Ki rubuta kowace kalma a guntun kwali ki jefa cikin gwangwanin madara, kullum monita ya zaro biyar. Kalmar da aka gani sau ɗaya aka wuce ba ta zama a kai.

Malam Ɗanjuma: Anti, ki ƙara musu da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma a farko ko a ƙarshe, riba ce mai arha. Yaran sun san noma da manomi, ɗinki da maɗinki, to farm da farmer ke nan, sai dai Turanci a ƙeya yake ɗafawa. Careful mai kula, careless marar kula. Daga care kaɗai an samu kalma huɗu in aka haɗa da carefully. Da un, re, dis, er, ful da less yaro zai buɗe kalmomi masu yawa da kansa.

Wani abin kuma, aikatau ɗinmu masu faɗin ciki. "Sha" guda ɗaya a Turanci ta rabu: drink water, take medicine, eat a mango. "Ji" ta rabu zuwa hear, feel, smell, understand. "Ara" ita ce ta haifi borrow me your pen, don a Hausa mai bayarwa da mai karɓa duk kalma ɗaya ce. Irin waɗannan kada a koyar da su tsirara, a koyar da kalmar tare da abokiyar tafiyarta, a rubuta su haɗe.

Hajiya Mairo: Ni dai ban yarda da yawan shigo da Hausa ba. Minti 40 ɗin nan ne kaɗai wasu yaran ke jin Turanci a duk yininsu. In malami ya saba fassara kowace jimla, yara sai su kashe kunne su jira fassarar.

Malam Ɗanjuma: Hajiya, kina da gaskiya a kan fassara jimla-jimla, wannan lalaci take koyarwa. Amma cin tara don yaro ya yi Hausa a aji ba ya haifar da Turanci, shiru yake haifarwa. Iyakar da za a sa ita ce: Hausa a wuri uku kawai, wajen kwatanta ƙa'idar nahawu, wajen ma'anar kalmar da ba a iya nunawa, da kuma lokacin da yara biyu ke shawara kafin su amsa. Amsar kanta da duk umarnin aji, da Turanci.

Hajiya Mairo: To, a haka mun daidaita, muddin malamin ya tsaya a ukun. Malama Uwani, ga yadda za ki yanka darasin karatu. Minti 5 bitar kalmomi. Minti 7 shimfiɗa: taken labarin, abin da suka sani a kai, kalmomi uku da in ba a san su ba labarin ba zai fahimtu ba. Minti 3 ki karanta da kanki suna bi da yatsa. Minti 5 ki karanta jimla su maimaita. Minti 8 bibbiyu, mai ƙarfi da mai rauni, suna karɓa-karɓa. Minti 10 tambayoyi. Minti 2 na ƙarshe kowa ya rubuta jimla ɗaya a kan abin da ya faru. A ranakun da za ki ba masu haruffa minti gomansu, ki rage daga shimfiɗa da tambayoyi.

Ki daina salon "kai tashi ka karanta, na bayansa ci gaba". Yaro ɗaya ke aiki, saba'in da tara na ƙirga layin da zai faɗo kansu. Labarin kada ya wuce kalma 150, kuma shi ɗin za a maimaita sau uku a mako, da maimaici ne saurin karatu ke zuwa. Awon wahala kuma mai sauƙi ne: a cikin kalma ɗari, in yaro ya ci karo da fiye da biyar da bai sani ba, shafin ya fi ƙarfinsa. Tambayoyin ma a lura. In labari ya ce the boy went to the river, aka tambayi inda ya je, yaro zai farauto kalmar went ya kwafe layin ba tare da ya fahimci komai ba. A sa aƙalla tambaya ɗaya ta "me ya sa" wadda amsarta ba ta kwance a layi guda.

Malama Uwani: Littattafan fa? Benci uku ke raba ɗaya.

Anti Ladi: Ki yi amfani da bayan tsohuwar kalanda da alƙalamin maka mai kauri. Ki rubuta labarin da manyan baƙaƙe ki manna, bayan mako ki naɗe ki ajiye, baɗi ma zai yi aiki. Ki kuma ware wani kwalin na kalmomin da ba su bin ƙa'idar sauti, irin the, was, said, one, could. Kalmomi ɗari da aka fi amfani da su sun kai kusan rabin duk wani rubutun Turanci. Goma a mako, kafin zango ya ƙare an cinye su.

Malam Tanimu: Saura insha'i. A ce wa yaron da bai iya jimla ba ya rubuta shafi guda kan babban abokinsa, abin da za a samu shi ne kwafi tamanin na rubutu ɗaya, kowa abokinsa dogo ne mai son shinkafa. A bi mataki: jimla, sakin layi, sannan wasiƙa. Kowane rubutu a fara shi da baki. A zaɓi abin da suka sani sarai, kamar yadda ake dama kunu ko wanke keke, su faɗi matakan, ke kina rubutawa a allo kina tambayarsu inda aya za ta zauna. Sai ki goge rabin kowace jimla ki bar first, next, then, finally, su cike. Kashegari su rubuta nasu a kan wani aikin daban, jimla biyar, allo a goge.

Wajen maki kada ki zubar da jan biro a kan komai. Yaro in ya ga shafinsa ya koma mahauta, lambar kawai zai duba ya rufe. Kowane mako kuskure iri ɗaya ko biyu: wannan makon babban baƙi da aya, na gaba shuɗaɗɗen lokaci. Ki ja layi a ƙarƙashin wurin, shi ya gyara da hannunsa, ki ba da minti biyar na gyara a aji, in ba haka ba wahalarki ta tafi a banza. Littafi goma sha shida a rana, kin zagaye ajin a mako.

Ki san tushen kurakuran don ki yi bayaninsu sau ɗaya a allo. My father he went daga "Babana ya tafi" ya fito, a Hausa dole wakilin sunan nan ya biyo baya, Turanci ba ya so. Yesterday I go kuwa saboda a Hausa lokaci a jikin na, ina, zan yake, aikatau ɗin "tafi" yana nan yadda yake. In yaro ya kira mota she, "mota ta lalace" yake fassarawa, sai a nuna masa it.

Baba Mai Ritaya: Kada a manta da shifta, wato ki faɗa su rubuta, tsohon magani ne. Jimla biyu, sau biyu a mako, daga labarin da aka riga aka karanta. Su yi musayar littafi su duba wa juna daga allo, kalma-kalma.

Malama Uwani: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: in mai duba aiki ya zo ya ga ban kai inda tsarin zango ya ce ba fa?

Hajiya Mairo: Ki riƙe taken makon yadda yake a tsarin, nauyin kawai za ki rage. In an ce wasiƙa ga aboki, masu ƙarfi su rubuta cikakkiya, na tsakiya su cike gurbi, masu rauni su jera adireshi da kwanan wata da gaisuwa daga guntayen kwali sannan su kwafa. Ki ajiye takardar gwajin Malam Tanimu a cikin littafin shirin darasinki, ki sake gwajin bayan mako shida da sababbin kalmomi, ki rubuta sakamakon biyu gefe da gefe a gaban sunan kowane yaro. Ita za ki miƙa masa.