Jirgin ruwan Dubai a hutun Disamba: in biya yanzu ko in jira ragi?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga jirgin ruwan shaƙatawa. Muna son zuwa a hutun makaranta na Disamba, ni da maigida da yara biyu da Hajiyarmu. Jirgin daga Dubai yake tashi, kwana bakwai, ya biya Doha da Bahrain da Abu Dhabi ya dawo. Ejan ɗin da nake magana da shi ya ba ni dala 780 kowane babba a ɗaki mai taga, yara kuma ƙasa da haka. Ya ce in ba da kafin alƙalami yanzu, cikon sai saura wata biyu a tashi. Amma ƙawata da muke sarin abaya tare ta ce kada in yi gaggawa, wai idan tafiya ta matso suna karya farashi don su cika ɗakuna. Damuwata ita ce Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, dole ɗakinta ya kasance jikin namu kuma kusa da lifta. Ba mu nemi biza ba tukuna, kuma ba za mu iya sauya lokaci ba saboda makarantar yara. Yanzu muna Yuni. Me kuka gani?

Abu Sudais:
Wa alaikumus salam. Hajiya, wannan kuɗin da kun haɗa kun kai tsohuwa Umara ai ya fi. Ga lada, ga ziyara.

Maman Hanifa:
Malam, ta yi Umara bara, alhamdu lillah. Ita da kanta ta ce tana son ganin teku.

Sani Manchester:
Ki jira, Anti. Ni saura kwana goma sha biyu na kama nawa daga Southampton zuwa Norway, fam 430 na biya. Baturen da muke cin abinci tebur ɗaya da shi tun shekara guda ya biya, kuma kusan ninki biyun nawa. Da na gaya masa sai da ya ajiye cokali. Jirgi ba ya son tashi da ɗaki babu kowa, tunda wanda ya shiga zai kashe kuɗi a ciki.

Ummu Yasir:
Sani, kai jirgin ƙasa ka hau zuwa tashar, kuma fasfonka na Birtaniya ne. Ita koren fasfo gare ta, ga tikitin jirgin sama na mutum biyar a tsakiyar Disamba. Ba hanyarku ɗaya ba.

Alhaji Mai Yadi:
'Yata, ki saurare ni da kyau, don ni abin ya ci. A Yulin 2022 na biya wa mutum shida, ni da iyalina, irin wannan tafiyar ta Dubai. Ban tsaya a kafin alƙalami ba, gaba ɗaya na biya, saboda ejan ya ce duk wanda ya biya duka da wuri za a ɗaga shi zuwa ɗaki mai baranda. Dala na saya a Wapa na damƙa masa a ofishinsa, ya ba ni rasit mai hatimi. Kafin ƙarshen shekarar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, kamfanin jirgin sama na Emirates ma ya dakatar da zuwa Najeriya. Na koma wurinsa ya ce in yi haƙuri, za a buɗe. Sati ya wuce, wata ya wuce, jirgi ya tashi ba mu. Da na nemi kuɗina sai ya fito da wata takarda da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, ya ce ga shi nan, samun biza alhakin matafiyi ne, wanda bai zo ba kuɗinsa ya tafi. Ban taɓa ganin takardar ba sai ranar.

Abin da ya fi ƙona min rai daga baya ya fito. Ɗana ya rubuta wa kamfanin jirgin da lambar da ke jikin rasit, suka amsa cewa kafin alƙalami kawai aka taɓa biya da sunanmu, kuma an soke tun da lokacin ciko ya wuce ba a cika ba. Ashe sauran kuɗina yana hannun mutumin yana juyawa. Mun yi zama gaban manya har sau ba adadi, aka ce a yi sulhu, ya riƙa biyana da naira kaɗan-kaɗan a kan canjin ranar da na ba shi. Dalar da na saya ɗari bakwai da wani abu, lokacin da ya gama biyana ta haura dubu da ɗari biyar. Ku yi lissafi da kanku. Bizar ba a buɗe ba sai Yulin 2024. Ni yanzu ko kwale-kwale ne, sai na ga ƙafata a bakin ruwa nake biya.

Bintu Zazzau:
Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Baba.

Kabiru Fagge:
Alhaji, ejan ɗin nan ba wani dogo mai ofis a bene ba ne? Don labarin ya yi kama da na wani maƙwabcinmu.

Mai Kula da Zaure:
Don Allah ban da kama suna ko kwatanta ofishin kowa a nan.

Malama Rabi:
Alhaji, Allah Ya saka muku. Amma abin da ya same ku cin amana ne na mutum ɗaya, ba laifin biya da wuri ba ne. Na yi aiki a ofishin sayar da tikiti, bari in faɗi yadda abin yake. Kamfanonin nan suna buɗe sayarwa shekara guda ko fiye kafin tafiya, farashi kuma yana bin yawan masu saye. Idan ɗakuna suna tafiya, ya hau. Idan suka ga lokacin ciko ya wuce kuma akwai saura, sai su sauke. To ragin da Sani ya samu gaskiya ne, amma saura ake ragewa: ɗakin ciki marar taga, ko na can gaban jirgi inda ya fi jijjiga, ko na ƙarƙashin wurin kiɗa. Wani lokaci ma ba kai za ka zaɓi ɗaki ba, su za su ba ka lamba dab da tafiya. Ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, da masu ɗaukar mutum huɗu, da na masu keken guragu, ba su da yawa kuma su ake fara kwashewa. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara kuwa Turawa ne ke gudo wa sanyi su cika jiragen, da wuya ki ga an sauke.

Maman Hanifa, idan za ki biya, ki nemi abu uku a rubuce: ranar ƙarshe da za ki iya fasawa a mayar miki da kafin alƙalaminki, nawa ake yanka bayan ranar, da lambar rajista da za ki shiga shafin kamfanin da kanki ki ga sunayenku da abin da aka biya. Wasu kamfanonin idan farashi ya sauka kafin ki cika kuɗi suna yarda su daidaita miki in kin tambaya, wasu ba sa yi, musamman in tikitin na ragi ne tun asali. Sannan bizar Daular Larabawa ta zama mai shiga da fita fiye da sau ɗaya, tunda jirgin zai fita Katar da Bahrain ya sake shigowa, kuma ki tambayi sharaɗin waɗannan ƙasashen biyu ga fasfonmu.

Alhaji Mai Yadi:
Malama, da girmanki, ke ma ai cikinsu kika fito. Wanda ya cuce ni ma haka yake magana, tsaf-tsaf, har da zana min jirgin a takarda.

Malama Rabi:
Alhaji, na bar aikin, ba ni da abin sayarwa a nan. Kuma lambar da na ce ta nema ita ce ta tona asirin mutuminku.

Kabiru Fagge:
Ni dai wanda ya yi asara na fi yarda da shi. Wanda ya sha duka shi ya san zafin sanda.

Ummu Yasir:
To ai Alhaji bai shiga jirgin ba, Kabiru. Tambaya aka yi wa waɗanda suka shiga. Ni na shiga a Janairu daga Dubai, dala 520 na biya, kuma wata huɗu kafin tafiya na kama.

Bintu Zazzau:
520? Yayata ta je a Janairun nan ita ma, sama da 900 ta biya.

Ummu Yasir:
Nawa ɗakin ciki ne, kuma bayan an koma makaranta. Sannan ban haɗa da tukuicin ma'aikata ba, wanda suke ɗora wa kowane mutum kowane dare, har yara ana lissafa musu wani abu. Ga kuɗin ruwan roba, ga na intanet, ga motar yawo idan an sauka gari. Maman Hanifa ki tambaya ko 780 ɗin nan ya haɗa da harajin tasha da tukuici, don a nan ake rikita mutane.

Bintu Zazzau:
To ita nata da baranda, kuma komai a ciki. Ashe ba abu ɗaya muke aunawa ba.

Ndagi Bida:
Ni abin da nake so in sani, akwai Bakatsine a tawagar? In akwai ku bar shi a gida. Wanda ko gadar Jebba aka hau da shi sai ya rufe ido yana salati, ina shi ina teku.

Ɗan Marna:
Ji bawana! Kai da jirginka na katako, kana kwarfe ruwa da ƙwarya, kai ne za ka ba da shawara a kan jirgi mai hawa goma sha?

Ndagi Bida:
Namu ba a biyan kafin alƙalami, kuma ba mu taɓa hana kowa biza ba.

Issoufou Maraɗi:
Mu nan abin da sauƙi ta gefe ɗaya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655 da 'yan kai, ba ta motsi. In an ba ni farashi da yuro yau, shi ne gobe. Ku kuwa farashi biyu kuke gadi, na jirgi da na canji. Ko kamfani ya rage dala ɗari, in naira ta zame, ragin ya tafi.

Sani Manchester:
Shi ya sa na ce ta sayi dalar yanzu ta ajiye, sai ta jira ragin.

Kabiru Fagge:
Haka wani ya ce min a Fabrairun 2024. Na saya kusan 1,900, kafin Afrilu ta sauko wajen 1,200. Babu wanda ya san gobenta.

Hajiya Takari:
'Yar'uwa, in don tsohuwa ne, ki duba na Jidda. Akwai jirgin Aroya, na Saudiyya ne, ya fara aiki Disambar 2024, ba giya ba caca, ga wurin sallah, abinci duk halal. Sai dai ki lura, in da bizar Umara mai shiga ɗaya kuka zo, jirgin da zai fita Masar ko Jordan ba zai yi muku ba. Kuma Bahar Maliya tana da nata. Da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023, ga harin 'yan Huthi a kan jirage, kamfanoni sun soke tafiye-tafiye da yawa a nan. Mu da muka biya da wuri an mayar mana da kuɗin jirgin ruwa cif, tunda su suka soke. Amma ƙanwata da ta riga ta yanki tikitin jirgin sama daga Kano don ta same mu, wannan babu wanda ya biya ta.

Alhaji Mai Yadi:
Kun ji ko? Ko an mayar, sai an bar ka da wani ciwon. Ni har yau uwargidana in ta ga hoton jirgin ruwa sai ta tashi daga wurin. Akwatuna ta saya sababbi, ta yi wa jikoki alkawari.

Maman Hanifa:
Allah Ya huci zuciyarku, Baba. Malama Rabi, na tambaye shi. Ya ce kafin alƙalamin ba a mayarwa, amma ana iya ɗaga shi zuwa wata tafiyar. Kuma ya ce 780 ban da tukuici. To biza fa, tun yaushe ya kamata a nema? Don na ji tana da wa'adi, in an karɓa da wuri sai ta mutu kafin Disamba.

Abu Sudais:
Ejan-ejan ɗin nan duk halinsu ɗaya. Mu a Umarar azumin bana an ce mana masauki kusa da Harami, muka biya tun Rajab. Da muka isa goman ƙarshe sai ga mu a can bayan gari, sai an hau bas, bas ɗin ma bayan tarawihi ba ka samunsa.

Kabiru Fagge:
Kai ka samu masauki ma. Mu saura kwana huɗu a tashi aka ce mu ƙaro kuɗi, wai biza ta yi tsada. Wanda bai ƙara ba aka riƙe masa fasfo.

Hajiya Takari:
Goman ƙarshe ai otal-otal na kusa da Harami tun da wuri manyan kamfanoni suke kama su. Duk wanda ya ce muku zai samo da araha a Sha'aban, ku tambaye shi sunan otal ɗin, ku duba nisansa a taswira kafin ku ba da ko sisi.

Malama Rabi:
Kuma ku duba ko yana da lasisin NAHCON, hukumar alhazai ta Najeriya. Da yawa masu karɓar kuɗin Umara ba su da shi, a ƙarƙashin wani suke rakuɓewa, in rigima ta tashi kowa ya ce ba shi ba ne.

Alhaji Mai Yadi:
Nawa ma takardu ne cike da bango, har da hotonsa da manya.

Abu Sudais:
Kabiru, ku nawa aka ce ku ƙaro? Don mu ma akwai waɗanda aka karɓi ƙari a hannunsu a filin jirgin Malam Aminu Kano, ana kiran shiga jirgi. Ina so in san ko kafin biza ta fito aka nema, ko bayan ta fito.