Yanke sifirin don mota ta kwanta: gyara ne ko ganganci?

Mai Golf: Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya na kai Golf 3 ɗina aka sauke sifirin huɗun, aka rage zagaye ɗaya da rabi a kowanne. Ku zo ku ga yadda ta kwanta, taya ta cike gurbinta, babu wannan ramin da hannu ke shigewa tsakanin taya da bodi. Na sha kwana da gudu, ko rangaji ba ta yi ba. Masu cewa yankan sifirin haɗari ne, ni dai ban ga haɗarin ba. Ƙarfe ne aka rage wa tsawo, shi ke nan.

Direban haya: Wa'alaikumus salam. Kwana ɗaya tal har ka fara ba da fatawa? Ɗauki mutum huɗu, ka jefa buhun shinkafa a but, ka bi titi mai ramuka, sannan ka dawo mu ji labari.

Oga bakanike: Ƙanena, kafin a yi nisa, da me aka yanka?

Mai Golf: Wajen mai walda ne Oga, da wutar gas. Minti goma bai cika ba ya gama.

Oga bakanike: Innalillahi. To nan ne ka fara kuskure. Ƙarfen sifirin ba irin rodin gini ba ne. A masana'anta ana gasa shi, a sanyaya, a sake ɗumama shi daidai gwargwado, shi ya sa yake lanƙwasa ya dawo yadda yake. Duk inda wutar gas ta lasa har ya yi ja, wannan horon ya tafi. Wurin sai ya yi laushi ya riƙa zama a hankali, ko kuma ya yi gautsi ya tsage. Ka tambayi kowane maƙeri abin da ke samun wuƙa idan aka mayar da ita wuta. Na sha ganin mota ta shigo gareji ta karkace gefe ɗaya kamar mai ɗingishi, muna dubawa sai mu tarar da baƙin tabon wuta a bakin sifirin.

Injiniya: Oga ya yi gaskiya a kan wuta, amma kada mu haɗa komai mu jefa a kwando ɗaya. Akwai abin da Mai Golf ya faɗa da yake daidai. Sifirin idan aka rage masa zagaye ƙara tauri yake yi, ba laushi ba, kuma mutane da yawa suna ɗaukar abin a juye. Lissafin mai sauƙi ne: mai zagaye 6 masu aiki, aka cire 1 ya zama 5, taurinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. Ga shi kuma nauyin motar ya matso ƙasa. Don haka rashin rangajin da ya ji a kwana ba mafarki ba ne.

Mai Golf: Allah ya biya ka Injiniya! Kun ji dai.

Injiniya: Tsaya tukuna ɗan'uwa, ban ƙarasa ba. Matsalar ita ce taurin da ka samu bai kai filin da ka rasa ba. A ce tayarka tana da santimita 7 da za ta yi sama kafin ta bugi robar nan da ke jikin shokazoba, ka saukar da mota santimita 4, saura 3. Filin ya ragu fiye da rabi, tauri kuwa ɗan kaɗan ya ƙaru. Ramin da a da sifirin zai shanye, yanzu robar ce za ta karɓa. Da ta buga, ƙafar motar ta koma kamar sanda, taya ta yi tsalle ta rabu da kwalta. A daidai wannan ƙiftawar idon, birki da sitiyari ba su da abin kamawa a wannan tayar. A titi mai santsi ba za ka taɓa sani ba. Sai ranar da ka haɗu da rami a tsakiyar kwana.

Direban haya: Abin da nake nufi ke nan, shi dai ya iya jera shi. Ga tudun rage gudu da ke kowane lungu. Salansa da kaskon baƙin mai su ne za su fara gaisawa da siminti.

Mazaunin Jamus: Ni a nan inda yawancin Golf ɗinku suka fito, ba a hana kowa saukar da mota ba. Matasa suna yi sosai. Amma sai dai ka sayi sifirin da aka ƙera gajere tun asali, irin na kamfanin Eibach ko H&R, masu takardar shaida. Wanda aka yanka kuwa, ranar da ka kai mota gwajin lafiyar mota na TÜV aka gani, ba za ta wuce ba.

Ɗan kwalisa: To ai su Turawa komai sai takarda. A Amurka tun shekarun 1950 samari ke yanke sifirin a bayan gida, har da masu zuba buhunan yashi a but don mota ta kwanta. Da yana kashe mutane haka, da an daina tuntuni. Ni Accord ɗina shekara biyu ke nan da yanka, da injin yankan ƙarfe aka yi, zagaye ɗaya, lafiya lau.

Oga bakanike: Taya nawa ka canza a shekara biyun?

Ɗan kwalisa: Na gaba sau biyu. Amma ai tayoyin yanzu ba su da ƙarko.

Oga bakanike: Ta ciki suke cinyewa ko?

Ɗan kwalisa: E, ta ciki.

Oga bakanike: To ba laifin taya ba ne. Mota in ta sauka, saman taya yana kwantawa ciki, saitin ƙafa ya gurɓace. Sai an sake alaimen, wani lokacin ma ba ya dawowa daidai sai da ƙarin kayan saiti. Sa'annan akwai abin da ya fi damuna, wato bakin sifirin. Wani bakinsa a buɗe yake, waya ce kawai ta ƙare, wannan in aka yanka da faifan injin yankan ƙarfe, ba tare da ya yi zafi ba, aka shafa fenti saboda tsatsa, zai iya komawa mazauninsa. Wani kuwa an daddale bakin ya zama shafaffe, wani an murɗe shi ya tsuke kamar wutsiya. Waɗannan biyun da ka yanke bakin, ba su da wurin zama kuma. Mai walda ba ya duba wannan, shi dai a nuna masa inda zai sa wuta.

Injiniya: Shi ya sa ni ba na cewa duk yanka haramun ne. Rabin zagaye, a sifirin mai buɗaɗɗen baki, da faifai, hagu da dama daidai, da shokazoba mai rai, a bi da alaimen, ba zan tayar da hankali ba. Zagaye ɗaya da rabi da wutar gas wani zance ne daban.

Oga bakanike: Ni ko rabin ba na yi a garejina, Injiniya, don wanda ya zo neman rabi gobe zai dawo neman ɗaya. Mai Golf, yi mini abu ɗaya yanzu. Sa jek ka ɗaga baya har taya ta bar ƙasa, ka kama sifirin ka girgiza. Kada ka cusa yatsa tsakanin zagayen.

Mai Golf: Oga na ɗaga. Na hagu yana motsi, har juyawa yake a hannuna, yana ƙwal-ƙwal.

Oga bakanike: To haka zai yi duk lokacin da motar ta yi tsalle a hanya. Ya tashi daga mazauninsa, ya dawo a karkace, wani sa'in bakin nan mai kaifi ya samu gefen taya ko tiyon birki. Kada ka hau babbar hanya da ita. Gobe ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka nemo guda huɗu da wuta ba ta taɓa ba, ka kawo in duba kafin a ɗaura.

Ɗan kwalisa: Ni dai nawa ba ya motsi.

Direban haya: Ka ɗaga ka gani ne, ko daga kan kujera kake ba mu labari?

Mai Golf: Oga, in na zo da safe, a samu masu ɗan gajarta ko yaya ne, don Allah. Kwanciyar nan ta shiga raina.