Gwamnatin jiha za ta iya rushe mana kamfani?

Mai Ruwan Leda, Dakace:
Assalamu alaikum jama'a. Ni da ƙanena muna da ɗan kamfanin ruwan leda, mun yi masa rajista tun 2014. Makon jiya wani jami'in jiha ya zo kan harajin wurin sana'a da muka yi shekara biyu ba mu biya ba. Da magana ta yi zafi sai ya rantse zai sa a rushe kamfanin gaba ɗaya. Tun ranar barci ya gagare ni, ga yara goma sha ɗaya suna cin abinci a ƙarƙashinmu. Anya jiha tana da wannan ikon?

Lauyan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka kwantar da hankalinka, barazana ce. A kundin tsarin mulkin 1999, rajistar kamfani da rushe shi, wato soke shi a doka, hurumin tarayya ne. CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta tarayya, ce ta ba ka takarda, dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ce ke tafiyar da kai, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da ikon ba da umarnin rushewa. Ita ma sai da dalili. Wanda ya fi kama mutane shi ne bashi: idan wani yana bin kamfani kuɗin da ya kai adadin da doka ta tanada, ya kawo takardar neman biya, aka yi mako uku ba a biya ba, yana iya shigar da ƙara cewa kamfanin ya gaza. Ko kuma masu shi su ɓata har kotu ta ga rabuwar ita ce adalci, kai da ƙanenka ku kiyaye wannan.

Abin da jiha ke rushewa shi ne hukumar da majalisarta ta kafa, ko ƙungiyar gama-kai da aka yi wa rajista a wajenta. Amma fa kada ka raina mutumin nan. Suna iya garƙame maka ƙofa kan haraji. Kamfani na nan a takarda, inji a kashe, me aka yi ke nan? Ka je ka daidaita, ka karɓi rasit.

Ɗan Samaru:
Ƙila a Amurka ya ji labarin. Can jihohi ne ke rajistar kamfanoni, irin su Delaware, don haka jiha kan soke wanda ya daina biyan kuɗin shekara. Barista, mu nan babu irin wannan?

Lauyan Tudun Wada:
Akwai, amma a hannun CAC. Kamfanin da ya yi shekara 10 a jere bai kai rahoton shekara ba, tana iya goge sunansa daga rajista, kuma dawo da shi wahala ce da kashe kuɗi. Alhaji, yaushe rabonka da kai naka?

Mai Ruwan Leda, Dakace:
Innalillahi! Barista, tun 2017 da akawunmu ya koma Kano ba wanda ya sake taɓa wannan fayil. Gobe da sassafe zan hau motar Kaduna. Nawa ne tarar kowace shekara?